Shin A Yi Wa Tsoho Aiki In Daji Ya Kama Bakinsa?

A cikin watan Janairu na 2024 Gwamnan Zamfara, Dauda Lawal, ya kafa dokar ta-ɓaci a kan sha'anin kiwon lafiya na jiharsa, watau ya yarda a fili cewa asibitoci sun kai halin da sai an tashi tsaye. A cikin Yuli na 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta buɗe sababbin cibiyoyi uku na maganin ciwon daji, ɗaya a Katsina, ɗaya a Inugu, ɗaya a Binin. Duk waɗannan labarai ne masu daɗin ji. Amma fa labari ba ya zama alheri ga talaka sai ya iso ƙofar gidansa. Saboda haka mu ka ga ya kamata mu ɗauki cuta guda da gari guda mu auna su, don mu ga ko abin da a ke faɗi a manyan birane ya kai ga mutanen karkara.

Cutar da mu ka ɗauka ita ce dajin baki, wadda ta fi kama waɗanda su ka manyanta. Garin kuwa shi ne Magami, wanda ke kudu da Gusau a kan hanyar Ɗansadau. Abin da za mu faɗa a kan Magami ya shafi ƙauyukan Tsafe da na Bunguɗu, don kuwa duk asibitin Gusau su ke dosa in ciwo ya yi tsanani.

Akwai wata magana da a kan ji a zaure in an ce likita yana son ya yi wa dattijo aiki. Sai ka ji 'ya'yansa sun ce, "Haba, Baba ya tsufa, ina zai iya ɗaukar wuƙa? A bar shi ya cika a ɗakinsa." Masu wannan magana tausayi ne ya sa su, ba mugunta ba. To, amma ko tana kan daidai? Abin da mu ke so mu bincika ke nan.

Mene Ne Dajin Baki?

Ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara, ko kansa, asalinsa tsoka ce ta jikin mutum da ta ƙi bin ƙa'ida, ta dinga tofo ba tsayawa, tana cin na kusa da ita. In ya tashi a baki yakan fara a gefen harshe, ko ƙarƙashinsa, ko a dasashi, ko cikin kunci, ko a ganɗa, ko a leɓe. Wajen tara cikin goma na dajin baki daga fatar nan mai laushi da ta shimfiɗe cikin baki su ke tasowa. Ba cuta ce da a ke ɗauka ba. Wanda ya ci tuwo kwano ɗaya da mai ita, ko ya sha ruwa a moɗarsa, ba abin da zai same shi.

Bisa ga ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2022 mutum wajen 390,000 ne dajin baki da na leɓe ya kama a duniya, ya kuwa kashe wajen 188,000. Watau kusan rabi. Manyan dalilansa sanannu ne: taba, da giya, da wani ɗan itace da mutanen Indiya da maƙwabtansu ke taunawa. Mu nan taba ce ta fi shafarmu, kuma kada mai karatu ya zaci sigari kaɗai a ke nufi. Taba gari da tsofaffi ke dannawa a bayan leɓe da ɗan kanwa, maza da mata, ita ma masana sun tabbatar tana jawo daji, sau da yawa ma a daidai wurin da a ke ajiye ta. Duk da haka akan sami wanda bai taɓa kusantar taba ba ya kamu.

Mugun halin wannan ciwo shi ne da farko ba ya zafi. Ɗan miki ne kawai ya ke fitowa, ko wani farin tabo, ko ja, wanda ba ya gogewa. Tsoho sai ya ce haƙori ne ya cije shi, ko zafi ne ya fito masa. Mako ya wuce, wata ya wuce. Sa'an nan bakin mikin ya yi tauri, haƙori ya fara girgiɗi ba dalili, harshe ya yi nauyi, kaluluwa ta fito a ƙarƙashin muƙamuƙi, mai tauri wadda ba ta ciwo. Kafin a ankara abinci ya gagara, baki ya soma wari, mutum ya daina zuwa masallaci da kasuwa don kunya. Likitocin Ingila sun kafa wa kansu ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duk mikin baki da ya wuce mako uku bai warke ba, ba a kuwa san dalilinsa ba, to a aika da mai shi wurin gwani cikin gaggawa.

Kada a haɗa wannan da ciwon noma, mai cin fuskar yara ƙanana waɗanda yunwa ta raunana. Wannan ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, yana da asibitinsa a Sakkwato tun 1999. Dajin baki dabam ne, maganinsa ma dabam.

Abin Da Likita Ke Yi

Aiki ba ya farawa sai an tabbatar da cutar. Likita zai kashe wurin da allura, ya tsinko ɗan nama kamar ƙwayar wake, a aika ɗakin bincike a duba da madubin likita. Mutane da yawa suna tsoron wannan, wai in ƙarfe ya taɓa daji sai ya harzuƙa. Ɗan naman da likita ke ɗiba ba ya harzuƙa kome. Abin da ke ɓata al'amari shi ne a yi ta tsaga da sakiya da ɗaura magani a gida wata da watanni, alhali ciwon na can yana cin gaba ta ƙarƙashi.

In an tabbatar, to a dajin baki fiɗa ita ce uwar magani. Likita yakan yanke ciwon duka, ya haɗa da lafiyayyen nama wajen santimita guda a kewaye da shi, don kada a bar saiwa. Ciwon da bai wuce santimita biyu ba, watau kamar girman ƙwayar gyaɗa babba, sau da yawa ta cikin baki a ke cire shi a ɗinke, mai shi ya koma gida bayan 'yan kwanaki yana magana, yana cin abinci. Wanda ya wuce santimita huɗu, ko ya shiga ƙashi, wannan kam babban aiki ne. Wataƙila a cire rabin harshe ko wani yanki na muƙamuƙi, a huda maƙogwaro a sa bututun numfashi na ɗan lokaci, a riƙa ba da abinci ta robar hanci har wurin ya warke.

Har wa yau akwai aikin wuya. Dajin baki ta kaluluwar wuya ya ke fara tafiya. Tun 1906 wani likitan Amurka, George Crile, ya bayyana yadda a ke kwashe kaluluwar wuya gaba ɗaya. An daɗe ana gardama ko ya kamata a taɓa wuyan wanda ciwonsa ƙarami ne, kaluluwa ba ta fito ba tukuna. A 2015 likitocin asibitin Tata na birnin Mumbai a Indiya su ka raba gardama. Cikin waɗanda a ka kwashe musu kaluluwa tun farko, 80 cikin 100 suna raye bayan shekara uku, waɗanda a ka jira sai ta fito kuwa ba su kai 68 ba.

Bayan an yanke sai a cike gurbi, don mutum ba ya rayuwa da rami a fuska. A 1979 Stephan Ariyan ya nuna yadda za a juyo da tsokar ƙirji tare da fatarta da jijiyarta, a bi da ita ta wuya a toshe gurbin. A 1981 likitocin Sin su ka nuna yadda a ke ɗauko fatar hannu da jijiyoyinta a dasa a wani wuri, a 1989 kuma David Hidalgo ya gina muƙamuƙi da siririn ƙashin ƙwauri. Dashen nan na baya sun fi kyaun gani, amma suna bukatar ɗinkin jijiya a ƙarƙashin madubi, aikin kuwa yakan ci awa takwas ko fiye. Na ƙirji ya fi sauri, bai kuwa bukatar kaya masu tsada, shi ya sa har yanzu ya ke da daraja ga tsoho mai rauni, da kuma asibitin da kayan aikinsa kaɗan ne.

In ciwon babba ne, ko an same shi a kaluluwa, sai a bi aikin da gashi, watau a riƙa haska wurin da na'ura mai ƙona ragowar cutar. Kwana biyar a ko wane mako, wajen mako shida, kuma an fi so a fara kafin mako shida ya cika bayan fiɗa. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, don za mu komo kansa.

Shekaru Ko Ƙarfin Jiki?

To, ga tambayarmu. Da can likitoci da kansu suna da ra'ayi irin na zaure, in sun ji mutum ya kai saba'in sai su ja da baya. Amma da ilmin sa barci ya ƙaru, a ka kuma tara labarin dubban tsofaffi da a ka yi wa aiki a ƙasashe dabam dabam, sai a ka ga abin da ke sa tsoho ya sha wuya bayan fiɗa yawancinsa cututtukan da ya ke ɗauke da su ne, kamar ciwon zuciya, da na huhu, da na ƙoda, da ciwon suga, da rama. Yawan shekaru shi kaɗai bai cika nuna kome ba.

Wannan ai ba baƙon abu ba ne gare mu. Kowa ya san dattijo ɗan saba'in da biyar wanda har yanzu shi ke yin huɗar gonarsa, ya taka zuwa kasuwar wani gari ya komo. Kowa kuma ya san ɗan hamsin da biyar wanda hawan jini da suga su ka kwantar, ko alwala sai an kama shi. In za a yi aiki, wa ya fi tsira a cikinsu? Balle ma a karkara yawancin tsofaffi ba su da takardar haihuwa. Shekarun da a ke rubutawa a katin asibiti kintace ne, wani ya ƙara goma, wani ya rage. Ashe kuwa ba daidai ba ne a yanke wa mutum hukuncin rai da mutuwa bisa lambar da a ka kintata a bakin taga.

Likitocin Faransa sun tsara waɗansu tambayoyi takwas da a ke yi wa tsoho mai ciwon daji, a ka bayyana su a 2012. Ana tambaya ko cin abincinsa ya ragu a cikin wata uku, ko ya rame, ko yana fita da ƙafarsa, ko hankalinsa da tunaninsa suna nan, yaya nauyinsa ya ke bisa tsawonsa, ko yana shan magani fiye da iri uku kullum, yaya ya ke ganin lafiyarsa in ya gwada da tsararsa. Ta takwas ita ce ta shekaru. Ku duba fa, ɗaya tak cikin takwas. Ba a bukatar wata na'ura don yin waɗannan tambayoyi, malamin asibiti na ƙauye zai iya yinsu cikin minti biyar. Wanda a ka ga rauni gare shi kuma ba korarsa a ke yi ba. Ƙara bincikensa a ke yi, a gyara abin da zai gyaru: a daidaita jini da suga, a ƙara masa jini in ya yi ƙasa, a ciyar da shi kunun gyaɗa da madara da ƙwai da wake har ya ɗan murmure, ya bar taba, sa'an nan a shiga da shi.

Ga wani misali daga tarihi. Sigmund Freud, shahararren likitan nan na ƙasar Ostiriya, mashayin taba ne ƙwarai. A 1923, yana da shekara 66, a ka sami daji a ganɗarsa da muƙamuƙinsa. An yi masa aiki fiye da sau talatin, ya sha wuya ba kaɗan ba, amma ya rayu har 1939, yana rubuce-rubucensa, ya mutu yana da shekara 83. Wannan kuwa a zamanin da ba a fara amfani da fenisilin ba.

Wani abin lura kuma shi ne, gudun wuƙa ba ya nufin an sami hanya mai sauƙi. Maganin daji na ƙarin ruwa, wanda a kan haɗa da gashi, an tara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa an ga amfaninsa yana raguwa da ƙaruwar shekaru, har ya zama ga waɗanda su ka haura saba'in ba a ga wata riba a fili ba, ga shi kuwa yana taɓa ƙoda. Gashi shi kaɗai yakan busar da yawu, ya sa baki ya yi ɗanye, cin abinci ya yi wuya makonni. Saboda haka ga tsoho mai ƙaramin ciwo, aikin awa ɗaya ko biyu ya fi masa sauƙi bisa ga mako shida na gashi.

Inda Wuƙa Ba Ta Da Amfani

Kada a ce mun ce ko wane tsoho a kai shi a yanka. Aiki babba yana da hatsarinsa, kuma ya fi yawa ga tsofaffi. Akwai ciwon huhu da kan biyo baya in yawu ko abinci ya sarƙe, akwai ruɗewa ta 'yan kwanaki da kan sa tsoho ya kasa gane 'ya'yansa, akwai zuciya da kan gaza. In ciwon ya riga ya kama manyan jijiyoyin wuya, ko ya kai huhu, ko kuwa mai shi ya riga ya kwanta ba ya iya tashi, to fiɗa ƙarin wahala ce kawai. Likitan kirki zai faɗi haka. A nan ne maganar zaure ta ke da gaskiya, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Amma ko a nan ba a cewa babu abin yi. Akwai maganin zafi mai ƙarfi irin su morfin, wanda likita ke rubutawa, akwai maganin da ke kashe warin miki, akwai gajeren gashi mai rage zubar jini, akwai robar abinci. Wanda ba za a iya warkar da shi ba yana da hakkin ya yi barci da dare, ya kuma zauna cikin iyalinsa ba a toshe hanci.

Sa'an nan wa ke da ikon yanke shawara? A al'adarmu likita kan kira babban ɗa gefe ya gaya masa, su kuma 'ya'ya su ɓoye wa tsoho, wai kada hankalinsa ya tashi. Mu dai muna ganin wannan kuskure ne. Mutumin da ya aurar da 'ya'ya, ya raba gardamar gado, ya binne iyayensa, ba za a ce ba zai iya jin labarin jikinsa ba. Bakinsa ne, harshensa ne. Wani zai ce a yi, ko da zai rasa rabin harshe, don yana son ya ga auren autarsa. Wani zai ce shi malami ne, in ba zai iya karatu a fili ba a bar shi. Duka biyu suna da hujja. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo. Abin da ke kan likita da 'ya'ya shi ne su gaya masa gaskiya da Hausar da zai gane, a cikin ladabi.

Daga Magami Zuwa Ɗakin Fiɗa

Yanzu bari mu bi hanyar da mutumin Magami zai bi. A Amurka, cikin waɗanda a ka gano dajin bakinsu tun bai bar inda ya tsiro ba, fiye da 80 cikin 100 suna kai shekara biyar. Waɗanda ya riga ya yi nisa a jikinsu ba su kai 40 ba. Bambancin nan duk na lokaci ne. Mu kuwa a Arewa matsalar zuwa a makare tsohuwa ce. Tun 1985 Farfesa Adekeye da abokan aikinsa na sashen fiɗar fuska da muƙamuƙi na Jami'ar Ahmadu Bello a Kaduna su ka buga bayanin majinyata 137 masu dajin baki, kuma daga wancan zamani har yau kukan likitocin wannan fanni ɗaya ne, ba a kawo musu mutum sai ciwo ya ci ƙarfinsa.

Ina lokacin ke tafiya? Kashi na fari yana tafiya a gida, wajen jiƙe-jiƙe da maganin kemis. Na biyu yana tafiya a ƙaramin asibiti, inda a kan ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, in bai yi ba a sake wani, ba wanda ya haska fitila ya duba da kyau. Na uku a kan hanya. Ba wanda bai san halin da hanyar Gusau zuwa Ɗansadau ta shiga ba a shekarun nan saboda 'yan bindiga, har ya zama matafiya kan jira rakiyar jami'an tsaro. A Satumba na 2021 an rufe kasuwannin mako na Zamfara, an kuma yanke layukan waya na wani lokaci. Manomi kuwa a kasuwa ya ke sayar da akuya ya sami kuɗin mota. Saurayi ya iya hawan babur ya bi ta daji, amma tsohuwa mai ciwo ba ta iyawa.

In an iso Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, wadda ke da sashen haƙori da muƙamuƙi, akwai kuma Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. In aikin ya fi ƙarfin nan, ko ana bukatar gashi, sai a ƙara gaba. Ko dai a bi ta Bunguɗu da Talata Mafara zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar wajen kilomita 200, ko a bi ta Tsafe da Funtuwa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, ko kuwa sabuwar cibiyar nan ta Katsina. Na'urorin gashi a Nijeriya kaɗan ne ƙwarai bisa ga yawan jama'a, layi kuwa dogo.

To, ku tuna da lissafin nan na mako shida. Ma'anarsa ita ce tsoho da mai jinyarsa za su bar gida wajen wata biyu ko uku a baƙon gari, su biya masauki, su ci abinci, in kuwa da damina ne gona ta kwana. Nan ne mutane da yawa ke karaya. A yi fiɗa lafiya, a ce su komo gashi, ba a sake ganinsu sai ciwon ya dawo. Wanda ya zo da wuri kuwa sau da yawa ba ya ma bukatar gashin. Watau zuwa da wuri shi ne ya fi araha, shi ne kuma ya fi dacewa da ƙarfin tsoho.

Maganar Kuɗi

A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da a ke kashewa wajen neman lafiya daga aljihun mutane ya ke fita. In gida ya sami kansa tsakanin kuɗin aikin kaka da kuɗin taki da na makarantar yara, kowa ya san wanda za a bari. Sau da yawa "Baba ya tsufa" sutura ce a ke yi wa "ba mu da hali."

Gwamnati ta yi waɗansu tanade-tanade. A 2021 a ka fara Asusun Taimakon Masu Ciwon Daji a asibitoci shida, har da na Zariya, amma da cututtuka uku a ka fara shi: dajin nono, da na bakin mahaifa, da na mafitsarar maza. Na baki bai shiga cikin ukun nan ba. A 2022 kuma a ka sa hannu a sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta yi tanadin asusu don marasa ƙarfi, ta kuwa ambaci tsofaffi a cikinsu. Zamfara ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. Doka dai ga ta a takarda. Abin tambaya shi ne tsofaffi nawa ne a Magami sunansu ya shiga rajista, wa kuma zai rubuta su in ba ma'aikacin da ke zaune a cikinsu ba?

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Ga Gwamnati muna da roƙo uku. A sa dajin baki da na wuya cikin waɗanda asusun taimako ke ɗauka. A tabbatar ana iya ɗibar nama a duba shi a Gusau, sakamako ya fito cikin mako biyu. A kuma yi wa masu zuwa gashi daga nesa masauki kusa da asibiti, don ɗaki da tabarma sun fi na'ura araha, amma rashinsu kan sa na'ura ta zama banza ga mutumin ƙauye.

Sauran aikin namu ne, musamman ku malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan ƙananan hukumomi. A zamanin En'e, kafin gyaran mulkin ƙananan hukumomi na 1976, malamin makaranta da malamin asibiti da magatakardan hakimi su ne idon gari, su ke karanta wa jama'a takarda, su ke gaya musu abin da ke tafe. Sunayen ofisoshi sun sake, amma har gobe in takardar asibiti ta zo gidan da ba mai karatu, wurinku za a kawo ta.

Kada ku rena abin da ido da fitila ke iya yi. A jihar Kerala ta Indiya an koya wa ma'aikata waɗanda ba likitoci ba su riƙa bi gida gida suna duba bakin mutane. Da a ka bayyana sakamako a 2005, sai a ka ga mutuwa ta dajin baki ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu shan taba ko giya. Ba wata na'ura su ka ɗauka ba. Fitilar wayar da ke aljihunka ta isa ka ga gefen harshen mahaifinka, da ƙarƙashinsa, da cikin kuncinsa, da inda ya ke ajiye taba.

In ka ga miki ko tabo, rubuta ranar a takarda. In mako uku ya cika bai warke ba, kada ka yarda a ƙara sayen wani magani. Nemi takardar turawa zuwa Gusau, ka raka shi, ka tambayi likita a fili ko za a ɗebi nama a duba. In an ce aiki, tambayi girman aikin, da abin da zai rasa, da ko za a bi da gashi, da inda za a yi shi, don ku shirya guzuri tun kafin a fara. In an ce ya tsufa, tambaya cikin ladabi ko an auna zuciyarsa da huhunsa da ƙodarsa, ko kuwa shekarun kati kawai a ka duba. Sa'an nan ka koma ka gaya wa dattijon duk abin da ka ji, ka bar shi ya zaɓa.

Ku malamai kuma, darasin tsabta na mako guda ya isa a koya wa yara wannan ƙa'ida ta mako uku. Yaro ne ke kai wa kakarsa fura, shi ne zai fara lura ta daina tauna goro a gefe guda. Limamai da masu unguwanni ma in an gaya musu za su faɗa a taron suna da na ɗaurin aure.

Iyayen nan su su ka ɗauke mu zuwa wurin mai magani muna jarirai, ba su ce mun yi ƙanƙanta ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kawo zaman lafiya a Magami da sauran ƙasar Zamfara, amin.